Shin har yanzu akwai buƙatar mai farawa ya koyi rubuta manhaja da hannunsa?

Ɗalibin_Aji_Biyu ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena na wannan zaure. Ina shekara ta biyu a sashen kimiyyar kwamfuta, kuma akwai al'amarin da ya tsaya mini a rai wanda nake son jin ra'ayin waɗanda suka riga mu shiga aiki a kansa. A makaranta ana koya mana harsunan rubuta manhaja na C da Python tun daga tushe, ana sa mu rubuta hanyoyin jera lambobi da binciko bayanai da hannu, wani lokaci ma a kan takarda, alhali kuwa duk mai waya da ɗan data zai iya buɗe ChatGPT ko Claude ko Gemini ya faɗi abin da yake so, a rubuto masa kod ɗin, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, nan take. Abokan karatuna da dama sun koma ga Cursor da GitHub Copilot, manhajojin da ke taya mutum rubuta kod, har wasunsu na cewa wahalar da muke sha ta zama tsohon yayi. Shin mai farawa yanzu ya ci gaba da ba da shekarunsa ga koyon tushe, ko kuwa ya mai da hankali ga ƙwarewa wajen ba waɗannan manhajoji umarni? Iyayena ke ɗauke da nauyin karatun nan, ba na son in fito da sana'ar da kasuwarta ta riga ta watse.

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a kai ga shawara, ya kamata ka san abin da ke hannunka. Waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira an horar da su ne a kan ɗimbin rubutu da kod ɗin da mutane suka wallafa a intanet, kuma tushen aikinsu shi ne hasashen abin da ya fi dacewa ya biyo bayan abin da aka riga aka rubuta. Saboda haka suna da ƙarfi sosai a aikin da dubban mutane suka taɓa yin irinsa, kamar shafin shiga da kalmar sirri ko karanto bayanai daga rumbu, amma suna rauni a inda aikin ya dogara ga abin da ba a rubuta ko'ina ba, wato dokokin cikin gida na asibiti ko kamfanin da kake wa aiki.

Abin ya zo da sauri, wannan gaskiya ne. GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, ta fitar da Copilot domin gwaji a watan Yuni na 2021, ta buɗe shi ga kowa bayan shekara guda, ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamba 2022, zuwa 2025 kuma an kai ga manhajoji irin su Claude Code waɗanda ke buɗe fayiloli da kansu, su gyara, su gudanar da gwaji, su sake gyarawa. Sai dai batun sauri bai kai yadda ake zuzuta shi ba. A gwajin da GitHub ta yi a 2022, waɗanda suka yi amfani da Copilot sun gama aikin da aka ba su cikin lokacin da ya gaza na sauran da kusan kashi 55 cikin ɗari, amma aikin ƙarami ne, sabo fil, kuma an fayyace musu komai. Da cibiyar bincike ta METR ta gwada ƙwararru 16 a 2025, kowanne a kan babbar manhajar da ya daɗe yana aiki a kanta, sai aka tarar aikin ya ƙara ɗaukar lokaci da kashi 19 cikin ɗari idan sun yi amfani da waɗannan kayan aiki, ko da yake su a ransu sun ɗauka sun ƙara sauri da kusan kashi 20. Mutum 16 ba su isa a yanke hukunci na har abada ba, kuma manhajojin sun ci gaba tun daga lokacin, amma tazarar da ke tsakanin abin da suka ji a jikinsu da abin da agogo ya nuna ita ce ta fi jan hankalina.

Abin da na gani a wurin aiki shi ne, nauyi ya tashi daga rubutawa ya koma kan karantawa. A da rabin yinina kan tafi wajen buga kod, yanzu yana tafiya ne wajen duba wanda aka rubuto mini, in gane inda ya kauce. Wanda bai taɓa rubuta irin wannan kod da kansa ba, da me zai auna shi? Ka riƙe karatun tushen nan da kyau.

Malamar_Tsaro ta amsa:

Ina goyon bayan Injiniya, kuma zan ƙara daga ɓangaren tsaro, domin a nan ne kod ɗin da yake aiki sarai yake iya zama mafi haɗari. A 2021 masu bincike a Jami'ar New York sun sa Copilot ya rubuta shirye-shirye 1,689 a wuraren da aka san ana yawan samun ɓaraka, suka tarar kusan kashi 40 cikin ɗari na ɗauke da kafar da ɓarayin intanet za su iya bi. Kod irin wannan ba ya nuna alamar ciwo, yana gudana lafiya lau har ranar da wani ya cusa umarni ta akwatin rubuta suna ya kwashe rumbun bayanai.

Akwai kuma matsalar ƙirƙiro sunan kunshin kod da babu shi, kunshi kuwa shi ne kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta domin kowa ya ɗauka ya yi amfani da shi. Manhajar takan ce ka sauko da kunshi kaza daga rumbunan kunshi na PyPI ko npm, sunan ya yi kama da na gaskiya, alhali ba a taɓa yin sa ba. Mugu yana iya lura da sunayen da ake yawan ƙirƙirowa, ya yi rajistarsu, ya zuba cutarwa a ciki, ya zauna jiran wanda zai sauke ba tare da dubawa ba. Haka nan a kula da abin da ake liƙawa a cikin akwatin hira. A 2023 Samsung ta taƙaita wa ma'aikatanta amfani da irin waɗannan manhajoji bayan wasu sun saka kod ɗin kamfani a ChatGPT, kuma a shekarar ce Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora alhakin bayanan mutane a wuyan wanda ya karɓe su.

Ga wani misali da ya shafe mu kai tsaye, ɗalibi. Ka ce a rubuto maka kod mai tantance sunan mutum a fom, sau da yawa za a ba ka wanda ke karɓar baƙaƙen Ingilishi 26 kawai. Duk mai suna da ɓ ko ɗ ko ƙ, ko mai alamar hamza a tsakiyar suna, fom ɗin zai ƙi shi, kuma manhajar ba za ta gargaɗe ka ba sai idan kai ka san yadda Unicode, wato tsarin da kwamfuta ke gane baƙaƙen harsunan duniya da shi, ke aiki har ka tambaya.

Mai_Aikin_Kwangila ya amsa:

Da izinin manya, ina ganin kada mu tsorata yaron nan har ya guje wa kayan aikin gaba ɗaya, domin wannan ma asara ce. Ni aikin kwangila nake yi wa ƙananan 'yan kasuwa, kuma manhajar lissafin kaya da a da sai na haɗa kai da wani kafin in gama ta, yanzu ni kaɗai nake yi. Masu ɗaukar aiki sun fara tambayar ko mutum ya iya aiki da waɗannan manhajoji, kuma ƙananan ayyukan da a da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su, su ne na'ura ta fi iya yi. Wannan ne ainihin abin da ya kamata ya dami ɗalibi, saboda matakin farko na tsanin ne ke neman ɓacewa.

Ko Andrej Karpathy, wanda a Fabrairu 2025 ya yayata salon nan na barin na'ura ta rubuta komai ba tare da an karanta ba, ya ce ne salon bai yi laifi ba ga ƙananan ayyukan ƙarshen mako da za a iya jefarwa. Shi kuwa mutum ne da ya yi aiki a OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da kuma Tesla, idan abu ya lalace ya san inda zai duba.

Ɗalibin_Aji_Biyu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To a aikace, Malam, ta yaya zan haɗa biyun ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba?

Tsohon_Injiniya ya amsa:

Aikin da malaminka ya ba ka domin koyo, ka rubuta shi da kanka har ya yi aiki, sannan ka nuna wa manhajar ka ce ta soki abin da ka yi, ka kuma bincika sukar tata a takardun bayanin harshen, domin ita ma takan yi kuskure cikin cikakkiyar gadara. A aikinka na kashin kai kuwa ka sake mata, amma da sharaɗi biyu: ka ajiye komai a Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, domin ka ga ainihin layukan da ta canza, kuma kai ne za ka rubuta gwajin da zai tabbatar ko aikin ya yi daidai, kada ka bar mai rubutu ya zama shi ne mai duba jarrabawar kansa. Duk layin da ba za ka iya yi wa abokinka bayaninsa ba, kada ya shiga manhajar da wani zai saka kuɗinsa ko bayanan lafiyarsa. Idan data ko kuɗin rajista ne matsala, duba shirin GitHub na ɗalibai da imel ɗin makarantarku, sannan akwai ƙananan samfuran ƙirƙirarriyar basira na Llama da Qwen da za ka iya saukewa ta manhajar Ollama su yi aiki babu intanet, muddin kwamfutarka na da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta wucin gadi, da ya kai gigabait 8, ko da yake 16 zai fi ba ka sauƙi.