Filasha mai batir a tsakar ranar Zariya, wa ya gwada?

Sadiƙ T/Wada:
Slm jama'a. Ina da aikin hoton kafin aure a gindin dutsen Kufena, amarya ta kafe ita dai ƙarfe biyu na rana saboda daga wajen mai kwalliya za ta wuce. Abin da ke hannuna ƙananan filasha ne Yongnuo 560 guda biyu masu cin batir AA hurhuɗu da farar lema ɗaya. Za su iya da ranar nan kuwa ko in nemi aron AD200, filashar Godox ɗin nan da ta fi su ƙarfi? Wanda ya saba fita fili da filasha ya ba mu labari don Allah.

Baba Idi PZ:
Wa alaikumus salam. Sadiƙu ƙarfe biyu fa ka ce? Je ka lallashi amaryarka tukun. Lissafin a fili yake, kana ISO 100, da filasha shata ba za ta wuce 1/200 ba a Canon da yawa, wasu kyamarorin 1/250, in ka wuce nan baƙin layi zai yanke maka hoto, to dole ka matse zuwa f/11 ko f/16 kafin sama ta daina ƙonewa. A f/16 ƙaramar filasha da ta bi ta cikin lema me ya saura? Lemar kaɗai ta cinye fiye da rabi. Ni in aiki ya kama ni a irin lokacin nan cire lemar nake, in juya wa mutum baya ga rana, filasha tsirara taku biyu daga fuskarsa. Kuma ka riƙe wannan, in ka ninka nisa haske ba rabi yake komawa ba, kwata yake komawa. Yara da yawa ƙara fawa suke ta yi alhali matso da sitan ɗin, wato ƙafar da ke riƙe filasha, ne maganin.

Ummi Samaru:
Baba Idi Allah ya ƙara girma, amma filasha tsirara a fuskar amarya? Wlh duk wani ƙurji da hoda ta ɓoye sai ya fito, ga gumi na sheƙi a goshi, ita kuma ba za ta ce rana ba ce, cewa za ta yi mai hoto bai iya ba. Ni AD200 nake fita da ita musamman lokacin da 'yan ABU ke gama jarabawar ƙarshe, kowa da farar riga an cika ta da rubutun maka, to farar riga a rana ga fuska baƙa, in ka auna rigar fuska ta nutse in ka auna fuska rigar ta ƙone rubutun ya ɓace, kuma rubutun suke biya a ɗauka. Filashar ce ke daidaita su. A takarda batir ɗinta na ba da walƙiya 500 a ful fawa, ni da nake zama a rabi ko kwata tana kai ni yamma lafiya lau. Amma ranar da na kunna HSS, wanda ke barin shata ta wuce 1/200 da filasha, don bayan hoton ya narke, nan take ƙarfin ke raguwa kuma batir ya dinga zuba. Yanzu filta ND mai rage hasken da ke shiga kyamara da sitof uku nake ɗaurawa, daga f/11 in dawo f/4, shata tana nan a 1/200 ɗinta.

Ɗan Gyallesu:
Duk kun bar babbar magana, iska. Kufena fili ne fa. Cikin hunturu na kafa sofbos, akwatin nan mai tausasa hasken filasha, a wajen, na juya in gyara wa ango hula sai ji na yi ƙwaram, iska ta kwashe shi kamar ledar fiya wata, kan filasha ya daki dutse gilashin ya tsage. Tun ranar ba na fita sai da yaro mai riƙe sitan, jarkar ruwa da ake ratayawa tana taimako amma ba ta kai hannun mutum ba, kuma yaron zai bi ka da hasken duk inda ango ya juya. Kuɗin sa ka saka shi cikin kuɗin aiki tun farko.
Sai dai hunturun yana da daɗin sa, ranar da hazo ya sauka sosai rana ba ta da kaifi, ƙaramar filasha ma ta wadatar ko da azahar ne. In ka sa ɗaya a bayan su kuma ƙurar nan sai ta kama haske ta yi zobe kewaye da gyale, abin gwanin kyau.

Abban Hanwa:
Nawa na hawan Sallah ne, can ba maganar sitan ko lema, tsakanin Ƙofar Doka da ƙofar fada ko wurin ajiye ƙafa da ƙyar. Filasha a kan kyamara kawai, na rage ta sosai don ta ɗan buɗe fuskar da rawani ya yi wa inuwa. Kada ka harba wa doki a ido daga kusa, wani dokin zabura yake kuma mutane ne ko'ina. Sannan ƙananan filashar nan in ka jera musu ful fawa kamar talatin ba hutu zafi ke sa su ja birki, kana latsawa shiru, daidai lokacin da tawagar da kake jira ke wucewa. Batir ɗin in ka zaro ba ya riƙuwa a hannu don zafi.

Ummi Samaru:
Maganar batir ma, Sadiƙ kar ka yarda da AA ɗin da ake zubawa a tire, wani shago ya taɓa sayar min masu caji an rubuta lamba ƙatuwa a jiki, ko awa ɗaya ba su yi ba. Nemi Eneloop na asali, masu caji sun fi na yarwa saurin cika filasha. Ka yi caji tun ana jibi, ka san halin wutar mu, kuma kar a bar batir a but ɗin mota a rana.

Baba Idi PZ:
To Hajiya Ummi na ji, na sallama a kan amarya. Amma har gobe ƙarfe biyar saura ta fi min kowace filasha, rana ta kwanta ta bayan dutsen, kwata fawa ma ya ishe ka da lemarka.

Ɗan Gyallesu:
Sadiƙ in za ka aro AD200 ɗin ka aro har da tirigarta mai harba ta daga kan kyamara, wadda ta dace da kyamararka, ta Yongnuo ba ta jin yaren Godox. 560 ɗin kuma ba su da HSS, za ka iya sa su a S1 su bi walƙiyar babbar amma a tsakar rana idon nasu ba kullum yake gani ba, sai ka kare shi da ɗan kwali ka juya shi ya kalli babbar. Wace rana ce aikin? In Asabar ce yarona ba shi da komi, zai iya riƙe maka.