Yaya zan yi da abinci a motar Legas bayan tiyatar rage tumbi?

Maman Sadiya, daga ƙasar Gumel

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko ta hanyar karatu ko kuma don abin ya same su. Wata 5 ke nan da aka yi mini tiyatar rage ƙiba, irin wadda ake yanke kaso mafi yawa na tumbi a bar shi siriri, saboda ciwon suga da ciwon gwiwa da suka hana ni sakat. Alhamdu lillahi na wuce matakin abinci mai ruwa-ruwa da mai laushi, yanzu ina cin abincin gida, sai dai abin da nake iya ci a zama ɗaya bai wuce cikin ƙaramin gwangwanin madara ba, kuma idan na yi gaggawa sai ya tokare mini a ƙirji.

'Yata da ke aure a Agege ta kusa haihuwar fari, kuma likitarta ba ta yarda ta taho gida ba, don haka ni ce zan je in yi mata wankan jego a cikin watan Afrilu. Kuɗin jirgi ya fi ƙarfinmu a yanzu, babbar bas zan hau daga Kano. Abin da ke damuna guda biyu ne. Na farko, wane guzuri zan riƙe, kuma me zan iya saya a hanya ba tare da na jefa kaina cikin wahala ba? Na biyu, a da idan zan yi irin wannan tafiya nakan daina shan ruwa tun daga daren jajibiri saboda matsalar bayan gida, kamar yadda yawancin mata ke yi. Shin zan iya yin haka a wannan karon?

Alhaji Mai Riɗi, Maigatari

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sauki yarinya lafiya. Ni ba likita ba ne, amma hanyar na san ta saboda fatauci. Daga Gumel zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, kuma ko direba ya bi ta Abuja da Lokoja, ko ya bi ta Mokwa da Jebba da Ilori, ki ƙaddara cewa za ki yi yini da kwana a zaune. Direban babbar bas ba ya tsayawa don mutum ɗaya, yana da wuraren da ya saba tsayawa, kuma abin da za ki tarar a can shinkafa da miya ne, da taliya, da burodi da shayi, da lemon kwalba, sai masu tsire da masu ƙwai. Shawarata ita ce ki je tasha da wuri ki sami kujerar da ke bakin hanyar wucewa kusa da ƙofa, sannan ki sa ɗanki ko ƙaninki ya yi wa direba da yaron mota bayani cewa kina da lalura, domin galibinsu suna mutunta dattijuwa idan an gaya musu tun farko. Game da guzuri kuwa, ni a ganina fura da nono da dabino da kilishi sun isa, su ne iyayenmu suka riƙa tafiya da su tun zamanin fatake.

Malama Jummai, ma'aikaciyar jinya, Wudil

Hajiya, sannu da jiki. Baba Alhaji ya yi gaskiya a kan kujera da kuma sanar da direba, amma ina neman afuwarsa, guzurin da ya lissafa na mai cikakken tumbi ne.

Zan fara da ruwa, domin shi ne ya fi ba ni tsoro a cikin tambayarki. Don Allah kada ki daina sha. Rashin isasshen ruwa a jiki yana daga cikin manyan dalilan da ke mayar da masu irin wannan tiyata asibiti, kuma dalilin a bayyane yake: mai cikakken tumbi idan ƙishirwa ta kama shi zai iya ɗaga ruwan leda biyu ya shanye a tsaye, ke kuwa ba ki da wurin zuba shi, saboda haka abin da kika rasa da safe ba za ki iya ramawa da yamma ba. Abin da ake so ki sha a yini shi ne lita 1.5 zuwa 2, wato ruwan leda 3 zuwa 4, tun da kowace leda rabin lita ce. A watan Afrilu, lokacin da zafi a Jigawa da Kano ke haura digiri 40, kuma ga cunkoson mota, ki nufi 4 ɗin. Ki zuba a gora mai murfi ki riƙe ta a hannu, kina kurɓa kaɗan-kaɗan kowane 'yan mintoci. Ruwan da ake sha a hankali a cikin zafi, wani kaso nasa ta gumi yake fita, don haka fitsarin ba zai matsa miki kamar yadda kike tsoro ba. Duk inda aka tsaya ki sauka ki kewaya ko ba ki ji matsuwa ba, kuma ki duba kalar fitsarin. Idan ya yi duhu, ko kanki ya fara ciwo, ko kika ji jiri da kika miƙe, to ruwan ya yi kaɗan.

Ƙa'idar da aka ba ki a asibiti ta raba ci da sha tana nan a mota: ki dakata da ruwa kamar minti 30 kafin ci, sannan ki jira minti 30 bayan kin gama. Wannan ne ma ya sa ba na son ki dogara da abincin tasha. Direba zai ba da ɗan lokaci ne, a ciki za ki yi alwala da salla da bayan gida, sannan kowa yana loma yana kallon mota. Ke kuma cinki yana buƙatar minti 20 zuwa 30 da tauna sosai. Ki bar lokacin tsayawa ya zama na salla da miƙe ƙafa, ki ci abincinki a kujerarki bayan mota ta tashi, kaɗan-kaɗan, duk bayan awa 3 ko makamancin haka.

Abin da za ki fara sawa a baki kullum shi ne mai gina jiki, domin ana so ki sami giram 60 zuwa 80 na furotin a yini, kuma ƙwai ɗaya giram 6 ne kawai. Idan kika cika ɗan wurin da kike da shi da burodi ko shinkafa ko taliya, babu sauran gurbin nama, ga shi kuma waɗannan ukun suna cuɗewa su tsaya a ƙirji. Dafaffen ƙwai, da alala, da awara wadda aka dafa ba a soya ba, da kifi marar ƙaya, duk sun dace, amma suna lalacewa da wuri a zafi. Ki sa su a ƙaramar kula da ƙanƙara, ki cinye su a sa'o'in farko na tafiya, wato kafin ku wuce Kaduna. Na sauran hanya ya zama busasshe: dambun kaza ko na nama wanda aka yi a gida aka tsane masa mai, da madarar gari a leda, da kifin gwangwani wanda za ki buɗe ki tsiyaye man ki ci nan take.

Kilishi yana da furotin sosai, amma busasshen nama mai tauri yana cikin abubuwan da suka fi tokare wa masu irin tiyatarki, ga yaji da ke tayar da ƙwannafi, wanda dama yana yawan damun waɗanda aka rage wa tumbi. Fura kuwa yawancinta gero ne, kuma ta tasha da sukari ake dama ta. Abu mai zaƙi sosai idan ya zarce hanji da sauri yakan jawo bugun zuciya da gumi da murɗar ciki da gudawa cikin minti 10 zuwa 30, wani lokaci kuma sukarin jini ya faɗi bayan awa 1 zuwa 3. An fi ganin wannan ga waɗanda aka yi musu irin tiyatar rage ƙiba da ake karkatar da hanji, amma yana samun irinku ma, kuma ba a tsakiyar dajin Neja kike so ki gane ko kina cikinsu ba. Kunun zaƙi da zoɓon da aka cika wa sukari da rake duk hukuncinsu ɗaya, lemon kwalba kuma ya ƙara da iskar da ke kumbura ciki. Nonon talla ma ki bar shi, domin ba ki san ruwan da aka sirka shi da shi ba, kuma gudawa a wurinki ba ƙaramin abu ba ne.

Dabinon Baba Alhaji yana da amfani ɗaya. Tun da kina da ciwon suga, idan har yanzu kina shan magani ko kina allura, ki tuntuɓi likitanki kafin tafiya ya duba adadin, sannan ki riƙe dabino kaɗan a jaka saboda idan kika ji rawar jiki da gumi mai sanyi, alamun faɗuwar sukarin jini. Bitamin ɗinki su kasance a jakar hannu, kada su shiga but, kuma ki raba ƙwayar kalsiyam da ta ƙarin jini da awa 2. Idan gwiwa ta motsa kada ki karɓi ibuprofen ko diclofenac daga hannun kowa, domin suna iya yi wa tumbin gyambo. Ki riƙa motsa idon sawunki a zaune, saboda dogon zama yana kawo daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Kumburin ƙafa ɗaya da ciwo, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko aman da ya ƙi tsayawa, kowannensu dalili ne na sauka a nemi asibiti mafi kusa.

Umman Khalifa, Ringim

Yaya, ni ma an yi mini irin taki, kuma na yi tafiyar Abuja bayanta. Abin da Malama ta faɗa haka yake. Ina so in ƙara abu ɗaya wanda ba a rubuta shi a takardar asibiti, wato mutane. Kin san mu, ba a cin abu a mota sai an yi wa na kusa bismilla, kuma idan aka miƙo miki kika ƙi, ana ganin kamar raini ne ko rowa ce kike shirin yi da naki. Wata baiwar Allah da muka zauna tare ta kwance ƙullin gurasa da tsire ta ɗora mini a cinya, ta ce ta ga ramata, lallai ban daɗe da tashi daga ciwo ba. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na ce likita ya hana ni ci sai a kan lokaci, na naɗe na ajiye, daga baya na ba yaron mota. Babu wanda ya ji haushi. Ki yi guzurin da za ki raba wa makwabta daban, kamar gyaɗa ko cincin, don kada kunya ta sa ki rabar da dambun da shi ne abincinki na yini guda.

Ni nakan ƙulla dambun a ƙananan ledoji tun daga gida, kowace leda cin zama ɗaya, kamar cokali 3 zuwa 4, in riƙe ƙaramin cokalin shayi. Idan babban kwano ne a gabanki, ga hira ga kallon hanya, hannu zai yi ta kai wa baki har sai kin ji ya tokare. Kuma kada ki gwada wani abinci a karon farko a cikin mota. Duk abin da za ki tafi da shi, ki fara cin sa a gida tun yanzu ki ga yadda cikinki ya karɓe shi.

Maman Sadiya, daga ƙasar Gumel

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Malama, saura abu ɗaya. Ni ma'abociyar shayi ce, kuma ina tunanin in riƙe filas. Ya halatta, ko shi ma in haƙura?

Malama Jummai, ma'aikaciyar jinya, Wudil

Ki riƙe filas ɗin, Hajiya, amma ruwan zafi zalla za ki zuba a ciki. Da shi za ki dama madarar gari ba sukari idan dare ya yi kuma ba ki jin tauna, wannan zai ba ki ruwa da furotin a lokaci guda, muddin dai madara ba ta ɓata miki ciki tun bayan tiyatar, domin wasu takan fara yi musu haka. Shayi marar kauri kofi ɗaya ba laifi idan likitanki bai hana ba, sai dai kada ki haɗa shi da ƙwayar ƙarin jini, saboda ganyen shayi yana rage yadda jiki ke tsotse sinadarin ƙarfe. Kafin ki tashi kuma ki nemi takardar bayanin tiyatarki da sunayen magungunanki, ki sa a jakar hannu, ki ɗauki hotonta a waya ki tura wa surukinki a Legas.