Na canza sunan ajiyar wayar wani Alhaji, TWRP ya daina ganinta

Yaron shago, bakin Kasuwar Dole:

Assalamu alaikum manyanmu masu gyara. Ina kwananku, ya aiki? Don Allah ina neman agaji, jiya ban runtsa ba.

Shekara 2 ke nan ina koyon gyaran salula a hannun maigidana nan Damagaram. Ya tafi Kano saro kaya, ya bar mini shago. Ƙa'idarsa ita ce duk wayar da za a taɓa mata sistem sai an fara ɗaukar ajiyarta, wato kwafin abin da ke cikinta, da manhajar TWRP a katin memwar. Matsalar ita ce sunayen da TWRP ke ba ajiyar ba sa zama a kai: shekara, wata, rana, sa'a, sai wasu haruffa da lambobi a jere. Sun taru sun haura 20, in mai waya ya dawo sai ka buɗe wannan ka rufe wancan kafin ka gano tasa. Na ce bari in tsara su kafin maigida ya dawo.

Shekaranjiya wani Alhaji mai sayar da hatsi ya kawo tsohuwar Samsung ɗinsa, ta yi nauyi. Na ɗauki ajiya, na sa mata wani sistem. Wayar ta yi sauri, amma kamara ta daina aiki, kuma lissafinsa na masu bashin buhunan gero da wake yana cikin wata manhaja a tsohon sistem ɗin. Ya ce in mayar masa da ita yadda take.

Ga abin da na yi kafin ya dawo. Na sa katin a kwamfuta, na shiga dosiyen TWRP, na shiga BACKUPS, na ga wani dosiye mai sunan lambobi da haruffa, na canza shi zuwa "Alhaji mai hatsi". Na shiga can ciki na ga manyan fayil guda biyu masu farawa da data, su ma na mayar da su "data Alhaji 1" da "data Alhaji 2". Yanzu in na danna Restore a TWRP don in mayar da ajiyar, babu komai, fayau. Alhaji zai dawo gobe bayan la'asar. Ajiyar ta lalace ke nan? Kuma wace hanya ce ake canza suna ba tare da an yi ɓarna ba?

Mai gyara daga Zango:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, muddin ba ka goge komai ba kayan Alhaji na nan. Amma kafin ka sake taɓa ko harafi ɗaya, kwafe dosiyen gaba ɗaya zuwa kwamfuta. Duk gyaran da za ka yi, ya zama akwai kwafi a gefe.

Kuskure biyu ka yi, kowanne da maganinsa.

Ajiyar TWRP hawa uku ce. Dosiyen farko da ke cikin BACKUPS, wanda ka sa wa sunan Alhaji, lambar seri ce ta wayar. TWRP yana karanta lambar wayar da yake ciki, sannan ya leƙa dosiye mai wannan lambar kaɗai. Da ka canza sunan, ya je ƙofar da ya sani bai same ta ba, shi ya sa ya nuna maka babu komai. A cikinsa akwai dosiye na biyu mai kwanan wata. Wannan ne naka, shi ake canza wa suna. Hawa na uku su ne fayil ɗin da ke ciki, irin su boot.emmc.win da system.ext4.win da data.ext4.win000. Waɗannan ba a taɓa su, domin daga sunan ne TWRP ke gane wane sashen waya zai zuba kowanne da irin tsarin da aka rubuta shi.

In ka manta lambar seri, kada ka wahalar da kanka. Sa katin a wayar Alhaji, shiga TWRP, danna Backup, zaɓi Boot kaɗai, ka nuna masa katin memwar. Cikin ƴan daƙiƙu zai gama, kuma shi da kansa zai buɗe sabon dosiye mai lambar daidai. Sai ka ɗauko dosiyen nan mai kwanan wata daga cikin "Alhaji mai hatsi" ka saka shi ciki.

Fayil biyun da ka canza kuwa, duba kusa da su. Za ka ga wasu ƙanana masu ƙarewa da .md5 ko .sha2. Tunda ba ka taɓa su ba, suna ɗauke da sunan asali. In ka ga data.ext4.win000.sha2, to sunan babban shi ne wannan ɗin ba tare da .sha2 ba. Na farko win000, na biyu win001. Su biyun abu ɗaya ne aka yanka gida biyu, saboda yawancin katunan giga 32 zuwa ƙasa tsarin FAT32 gare su, shi kuma ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4.

Yaron shago:

Yaya, Allah ya saka da alheri. Na duba, ƙananan suna nan, .sha2 ne. To in na rikita wanne ne na farko wanne ne na biyu fa?

Wani matashi daga Sabon Gari:

Kai dai goge waɗannan .sha2 ɗin ko ka cire alamar tantancewa, zai wuce kai tsaye. Ni haka nake yi in ya dame ni.

Mai gyara daga Zango:

A'a ɗan'uwa, kada ka sa yaron nan a wannan hanya, musamman yau. Ƙananan fayil ɗin su ne shaidarsa. A ciki akwai wata doguwar lamba da aka lissafo daga babban fayil lokacin da aka ɗauke shi. In aka sa tantancewa, TWRP zai sake lissafin ya gwada kafin ya taɓa wayar. In ya musanya na farko da na biyu, ko katin ya ci wani abu, sai ya tsaya ya faɗa masa, wayar kuma tana nan lafiya. In babu tantancewa, TWRP na share sashen data ne kafin ya fara zubawa, kuma in ya maƙale a tsakiya an rasa sabo an rasa tsoho. Ƙanena, a shafin Restore ka tabbata ka sa alamar tantancewar. Ita ce za ta amsa maka tambayarka.

Kuma ka mayar da boot da system da data tare, tunda data ɗin na tsohon sistem ne. EFS kuwa, sashen da ke riƙe da IMEI, wato lambar shaidar wayar, in ba ka ga lambar ta ɓace ba, bar shi.

Baba mai shago a Birni:

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana, abin da yayanka ya faɗa maka shi ne. Ni zan ƙara abu biyu.

Mu da muka fara wannan aiki zamanin Galaxy S2, ClockworkMod muke amfani da shi kafin TWRP ya yaɗu. A wancan, ko sunan dosiyen waje ka canza, in ka bar fili tsakanin kalmomi sai ya ce md5 bai dace ba, ya ƙi mayarwa, alhali babu abin da ya samu ajiyar. Na taɓa kwana biyu ina neman dalili, ashe filin nan ne tsakanin kalma biyu. Tun daga ranar ban ƙara sa fili a sunan ajiya ba, kowace iri ce. Ban sa ƙ ko ɗ ko é na Faransanci. Haruffan Turanci zalla, lambobi, da ɗan layi. Kuma ban cire kwanan wata, a gabansa nake ƙari, kamar 2024-03-11_J7_kafin-filashin. Bayan wata 6 ba za ka tuna wace ce ta kafin gyara wace ce ta bayan gyara ba, kwanan watan ne zai tuna maka. TWRP ma yana da maɓallin canza suna a cikin Restore in ka zaɓi ajiyar, kuma yana barinka ka rubuta sunan tun kafin ka ɗauka. Yi a nan, ya fi yi a kwamfuta, don shi ba zai bari ka taɓa dosiyen seri ba.

Na biyu ya fi damuna. Cikin ajiyar nan akwai saƙonnin mutum, lambobin iyalinsa, lissafin kuɗinsa. Ka ce sun haura 20 a kati ɗaya, kuma kana son rubuta sunan kowa a kai. In katin ya faɗi a kasuwa fa? Ni lamba nake ba kowace waya, in rubuta lambar da sunan mai ita a littafin shago, littafin yana cikin aljihun tebur a kulle. In mai waya ya karɓi kayarsa ya yi mako bai dawo da ƙorafi ba, in kira shi in tambaye shi, in ya ce ba ya buƙata in goge. Amana ce aka bar maka.

Ɗaliba daga jami'ar André Salifou:

Assalamu alaikum. Baba sannu da aiki. Ni iPhone na fi sani, bari in faɗi nasa tunda shagonku ba zai rasa su ba.

A Windows ajiyar tana cikin dosiyen MobileSync, a cikin Backup. Sunan kowace ajiya lambar wayar ce ta musamman: tsofaffin wayoyi haruffa da lambobi 40, daga iPhone XS da XR na 2018 zuwa sama kuma gajera ce mai ɗan layi a tsakiya. In ka shiga ciki za ka ga ƙananan dosiye daga 00 har ff cike da fayil masu sunan da ba ya karantuwa. Akwai wani mai suna Manifest.db, shi ke riƙe da rajistar cewa fayil kaza hoto ne, kaza saƙo ne. Ka canza sunan ɗaya, rajista da kaya sun rabu.

Kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi kada a canza sunan fayil ɗin ajiya ko a gyara su. A kan Mac, tun daga macOS Catalina na 2019 manhajar Finder ke ɗaukar ajiya, kuma akwai zaɓin Archive da ke ware ajiyar ya sa mata kwanan wata don sabuwa kada ta hau kanta. Wannan hawan shi ne haɗarin, domin duk lokacin da ka sake ɗaukar ajiyar waya ɗaya, kan tsohuwar ake rubutawa. Ni a Windows abin da nake yi, in buɗe dosiye a wani faifai in sa masa sunan da nake so, in kwafe ajiyar ciki da sunanta na asali. Ranar mayarwa in dawo da ita Backup yadda take. In kuma suna mai ma'ana kake so ya fito a jerin ajiyoyi na manhajar iTunes, canza sunan wayar a cikin saitinta kafin ka ɗauki ajiyar, shi zai fito.

Hajiya mai saida atamfa:

Ni ba mai gyara ba ce, amma ciniki na duk a WhatsApp yake. Ɗana ya taɓa dawo mini da saƙonnin da na goge ta hanyar canza suna. To ya aka yi nan kuke cewa kada a canza?

Ɗaliba daga jami'ar André Salifou:

Hajiya, gaskiyarki, wannan daban ne. WhatsApp yana ajiye kwafin saƙonni na ƴan kwanakin baya a cikin wayar Android, a dosiyen Databases, kowanne da kwanan wata a sunansa. Amma wanda yake ɗauka in an sake saka shi shi ne mara kwanan wata, kamar msgstore.db.crypt14. Sai a cire kwanan watan daga na ranar da ake so ya koma wannan sunan. Ɗanki ya ba shi sunan da manhajar ke nema ne. Abin da ba a taɓawa shi ne lambar ƙarshe: in crypt14 ne a bar shi crypt14.

Mai filashin daga Garin Malam:

A taƙaice nawa. Mu da Tecno da Infinix da itel suka fi zo mana, masu ƙwaƙwalwar MediaTek da manhajar SP Flash Tool muke zuba musu sistem. Fayil ɗin scatter, wato taswirar sassan wayar, yana ɗauke da sunan kowane sashe da sunan fayil ɗinsa. Ka canza sunan boot.img, layinsa zai fito babu alama sai ka nuna masa da hannu, kuma a nan ake zuba abu a inda ba wurinsa ba. Sa wa dosiyen waje sunan samfurin wayar cikakke, don waya biyu na iya yin suna ɗaya a kwali allon cikinsu daban. NVRAM kuma, sashen da ke riƙe da IMEI, na kowace waya nata ne, kada ka zuba na wata a wata.

Mai gyara daga Zango:

Na manta abu ɗaya ƙanena, kuma ka gaya wa Alhaji tun kafin ya tambaya. Ajiyar data ta TWRP ba ta ɗaukar hotuna da bidiyo da sautukan da ke ma'ajiyar cikin waya. Manhajoji da bayanansu kawai take ɗauka. In ka yi Format Data, wato share ma'ajiyar gaba ɗaya, lokacin sa sabon sistem, hotunan sun tafi sai in ka kwafe su daban. Ka yi?

Yaron shago:

Alhamdu lillahi, na dawo da labari. Na kwafe komai a kwamfuta tukuna. Na ɗauki ajiyar Boot kamar yadda Yaya ya ce, dosiyen seri ya fito, na mayar da ajiyar ciki, nan take ta bayyana a Restore. Karon farko tantancewa ta ƙi, ashe na rubuta win00 maimakon win000. Na gyara, na jira aka dawo da wuta na cika batir, na sake. Ta wuce. Wayar ta daɗe a tambarin Samsung har na fara zufa, sannan ta buɗe da hoton jikan Alhaji a fuska. Ya zo bayan la'asar, ya buɗe lissafinsa a gabana, ya bi sunayen da yatsa har ƙasa, ya ce babu wanda ya ɓace.

Yaya, ban yi Format Data ba, Wipe na yau da kullum na yi, hotunansa na nan. Baba, na sayi littafi mai shafi 100 na fara ba wayoyin lamba, sunayen mutane na cire su daga katin. Sauran ajiyoyin daga cikin TWRP zan riƙa canza musu suna, ɗaya bayan ɗaya in wayar ta zo.

Saura guda ɗaya. A kwamfutar akwai ajiyar wani iPhone da alamar kwaɗo a gefenta, tana neman kalmar sirri. Ƴar'uwa, akwai abin da zan iya yi?

Ɗaliba daga jami'ar André Salifou:

Babu, ajiyar a rufe take, ba ta mayuwa sai da kalmar da aka rufe ta da ita. Kada ka canza mata suna, kada ka goge. Jira maigidanka ya dawo daga Kano ka tambaye shi, in ba shi ya sa ba to mai wayar ne.