Manhaja biyu suna rigima a kan allo ɗaya

Dan_Kubwa: Assalamu alaikum injiniyoyi. Na'ura ce ta nuna lambar layi a wani shagon magani a Wuse, allon inci 7, 800x480, Linux a kan ARM, ba ta da GPU (guntun da ke zana hoto). Manhaja ɗaya tana rubuta lamba, ɗaya tana kunna bidiyon sanarwa. Duka suna rubutu cikin /dev/fb0 (fayil ɗin da ake zuba hoton allo kai tsaye), hoto sai ƙyaftawa yake, wannan ya shafe wancan. Da aka koma /dev/dri/card0 kuma, ta biyun sai a ce ba ta da izini, ko da root (asusun mai cikakken iko) aka kunna ta. Ina mafita?

Injiniya_Nyanya: Wa alaikumus salam. Ba lalacewa ba ce Malam, haka aka gina abin. /dev/fb0 fili ne ba shinge, kanel, wato zuciyar Linux, ba ya raba wa kowa yanki, wanda ya rubuta daga baya shi ake gani. A DRM kuwa, wato sashen kanel mai kula da allo ta card0, mai gida ɗaya ne: wadda ta fara buɗe card0 ita ke da ikon saita allo, ta biyu in ta kira drmModeSetCrtc don saita allon sai ta samu EACCES, wato ba izini. Root ba ya warware wannan.

Don haka a naɗa mai gida ɗaya, sauran su riƙa miƙa masa hoto. Mafi sauƙi Weston, manhajar da ke haɗa hotunan sauran manhajoji a allo ɗaya, a saita shi ya zana da pixman, mai zane da CPU, tunda babu GPU. Amma ka sani CPU ce za ta haɗa hotunan, bidiyo zai ci ƙarfi sosai. Lissafa: 800x480 a bayit 4 kowane ɗigo, bayit 1,536,000 ke nan, in ma'ajiyar hoto biyu ce 3,072,000. A 60Hz kana da kimanin milisakan 16.7 kafin a sake zana allo. In ka koma RGB565, mai bayit 2 kowane ɗigo, nauyin ya ragu da rabi.

Maman_Haidar: Ƙanina, kafin ka ɗora Weston, buga modetest -p ka ga shimfiɗa (plane, wato falalen hoto da ake ɗora wani kan wani) nawa allon yake da su. In akwai overlay, wato ƙarin shimfiɗa bayan ta asali, an gama: mai gida ya sa bidiyo a ɗaya, lamba a ɗaya, kayan aikin allon su haɗa da kansu, CPU ta huta. Manhajar bidiyo ta miƙa ma'ajiyarta a matsayin dma-buf (ma'ajiyar da manhajoji ke iya rabawa) ta soket ɗin Unix da SCM_RIGHTS, mai gida kuma ya karɓa da drmPrimeFDToHandle, ba sai an kwafi komai ba. Duba ko shimfiɗar tana karɓar NV12, tsarin launi na bidiyo, don wasu RGB kaɗai suka sani.

Ƙyaftawar nan ma ba duka laifin manhajojin ba ne. Konsol ɗin kanel na nan yana zana alamarsa a ƙasa. Saka KDSETMODE zuwa KD_GRAPHICS a kan tty ɗin, wato konsol ɗin, don ya daina zane.

Dan_Kubwa: Na gode Hajiya. To DRM lease fa, inda mai gida ke ba wata manhaja hayar wani sashe na kayan allo?

Injiniya_Nyanya: Ya shigo a Linux 4.15, amma dole hayar ta haɗa da CRTC (sashen da ke tura hoto zuwa allo) da mahaɗin allo, ba shimfiɗa kaɗai ba. Ya dace da na'ura mai allo biyu, ba taka ba. Sannan ka sa manhajojin su iya sake haɗuwa da mai gida, don in an ɗauke wuta ta dawo, ba lallai shi ya fara tashi ba.