Haddar kalmomin Turanci: wa ta taɓa zaunar masa?

Mai tambaya, Kano: Assalamu alaikum. Saura wata 4 in zauna jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci, kuma jami'ar da nake nema a Ingila maki 7 take so. Kullum bayan asuba ina kwafe kalma 20 daga ƙamus ɗin Oxford ina haddacewa. Littafin rubutuna ya kusa cika, amma jiya da na zauna gwajin rubuta maƙala, ko ɗaya ba ta zo mini ba. "Very" da "good" ne kawai ke ta zarya a takardar. Ku da kuka riga mu, me ya yi muku aiki?

Malamar Turanci, Zariya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, hadda ka yi babu tilawa, dole ta zube. Ni ma haka na wahala lokacin digirina na biyu, har sai da na ajiye bin ƙamus shafi-shafi na kama jerin da Averil Coxhead ta fitar a 2000, wato Academic Word List. Kalmomi 570 ne da danginsu, waɗanda suka fi yawo a rubutun ilimi. Biyar nake ɗauka a rana, in zuba a manhajar Anki, ita kuma ta riƙa dawo mini da su daidai lokacin da suka fara kuɓucewa.

Amma kada ka rubuta kalma tsirararta. Ɗauko ta da jimlar da ka tsince ta a ciki, domin kowace tana da abokan tafiyarta. Wata ɗalibata ta taɓa rubuta "strong rain", tana nufin ruwa mai ƙarfi. Kowace kalmar ta san ma'anarta sarai, sai dai Bature "heavy rain" yake cewa. Irin wannan tuntuɓen ya fi rashin manyan kalmomi cin maki, a ganina.

Ɗan'uwa daga Damagaram: Mu da muka yi boko da Faransanci, manyan kalmomin ne ma suka fi mana sauƙi. Tun da Nomandiyawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya kwarara cikin Turanci, shi ya sa "government" da "justice" tsofaffin sani ne a wurinmu. Ƙananan ne ke ba mu kashi, irin su "put up with". Sannan akwai na yaudara: zuwana Kano na farko na ce a kai ni "library" in sayi littafi, don "librairie" a wurinmu kantin littattafai ne. Sai ga ni a laburare, mai gadi na tambayata katin shiga.

Ma'aikacin jinya, Jos: Ni saiwar kalmomi na bi. Da na gane "-itis" kumburi ne, "hepat-" kuma hanta, sai "hepatitis" da 'yan'uwanta suka daina ba ni tsoro.

Wani ma'aikacin ofis: Malama ta yi gaskiya, amma bari in ƙara da nawa abin kunyar. Akwai lokacin da dogon Turanci ya shiga kaina. Na rubuta takardar neman hutu, na fara da "I humbly crave your indulgence", na cika shafi guda fal. Washegari oga ya dawo mini da ita, ya rubuta da jan biro a ƙasa: "Kwana nawa kake so?" Ashe ban ma faɗa ba. Su ma masu duba IELTS dacewar kalma da muhallinta suke aunawa, in ka cusa babba a inda ba gurbinta ba, kanka ka yi wa.

Mai tambaya, Kano: Allah ya saka da alheri. Na sauke jerin yanzu. Malama, tsohon littafin nawa fa, in watsar ne ko in tace?

Malamar Turanci, Zariya: Tace shi. Duk wadda ka sake cin karo da ita a jarida cikin makon nan, sa ta a Anki. Sauran su jira.