Wasa goma sha ɗaya a jere ana cinye ni a Scrabble, ko cuta ta ake yi?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nike nema. Mu biyar ne, tun muna makaranta munka saba, yanzu kowa ya watse, biyu na Abuja, ɗaya na Birnin Kebbi, ni da ɗaya muna nan Sakkwato. Bayan sallar isha'i muke buga Scrabble, wasan haɗa kalmomin Turanci da ƙwayoyin haruffa a kan allo, ta waya. Wasa goma sha ɗaya ke nan a jere ban ci ko ɗaya ba, alhali duk cikinmu ni na fi jin Turanci. Na Birnin Kebbi sai ya aje QI ko ZO ya kwashe maki sittin. Na gwada ZO da wani a wata manhaja, aka ƙi karɓa. Jiya kuma Q ta kwana hannuna ina jiran U har wasa ya ƙare. In na ce shina cuta zumunci ya ɓaci, in na yi shiru abin na ci na. Mi zan yi?

Malam na Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Babu wanda ya cuce ka, ƙamus ne biyu. Collins, wanda ake gasa da shi a Najeriya da Ingila, ya yarda da ZO. Na Amurka bai yarda ba. QI da ZA duka biyun sun karɓa. Ku duba saitin ƙamus kafin a fara, ku tsaya a kan guda.

Maki sittin kuma lissafi ne. Q maki 10 ce. Ka ɗora ta a gidan da ke ninka harafi sau uku, ta zama 30. In ta haɗa QI a kwance kuma ta haɗa QI a tsaye, 31 ne sau biyu, 62 ke nan da ƙwaya biyu ko ma ɗaya. Jin Turanci daban, wasan nan daban. Kalmomi masu harafi biyu a Collins ɗari da ashirin da 'yan kai ne, haddace su ba ya kai mako biyu. Fara da XI, XU, AX, EX, OX, JO, ZA, ZO, QI.

Jiran U kuwa shi ke kashe ka. Ƙwaya 100 ne a jaka, U huɗu kacal. In aka tashi Q na hannunka, a cire maka 10, a ƙara wa wanda ya gama 10, tazarar 20 ke nan. Ga QAT, QAID, FAQIR, ga QADI wanda alƙalinmu ne na Larabci. In babu gurbi, ka musanya ta, wato ka mai da ita jaka ka ɗauki wata, tun da sauran ƙwaya 7 ko fiye a jaka, don in sun gaza haka an rufe musanya.

Ɗan Mabera: Na gode Malam, amma ni ban ɗauki QI a kalma ba. Wasan ai don ƙaruwar ilimi muke yi. Kuma musanya asarar zagaye guda ce, ba zan iya ba.

Hajiya ta Arkilla: Ba ka faɗi wace manhaja kuke amfani da ita ba, kuma amsar na can. In Words With Friends ce, lissafin Malam ba zai zauna daidai ba: ƙwayoyinta 104, wanda ya zubar da ƙwayoyi bakwai da ke hannunsa gaba ɗaya 35 ake ƙara masa ba 50 ba, J maki 10 ce ba 8 ba, gidajen ninki ma ba wuri ɗaya suke ba. Sannan kada a wanke abokin nan da wuri. Wasan da ake barin mutum yini guda kafin ya aje kalma, wa ya san abin da ya buɗe a ɗaya wayar? Ku koma wasan agogo. A gasa minti 25 ake ba kowa, wanda ya zarce a cire masa maki 10 kan kowane minti. A Woogles, shafin buga wasan a intanet, kyauta ne, za ku zaɓi ƙamus da lokaci, bayan an tashi ku bi wasan zagaye-zagaye ku ga abin da kowa ya aje.

Ɗan Gawon Nama: Agogo da wannan sabis ɗin? A ɗauke wuta, waya ta yi zafi, sabis ya tafi, ka dawo ka tarar lokacinka ya ƙone. Abin da ya fi ban haushi ma tallace-tallacen da ke shigowa bayan kowane zagaye suna shan data. Kuma har yau in ka rubuta kalmar Hausa sai a ƙi ta, babu ƙ babu ɗ babu ɓ a jakar.

Malam na Runjin Sambo: Hajiya, mai satar amsa ba da QI ake gane shi ba. Ana gane shi ne in yana zubo baƙin kalmomi masu harafi bakwai ko takwas, amma bai iya tsare allo ba, yana buɗe wa abokin karawa gidan ninki uku ba dalili.

Ɗan Mabera, dawo kan musanya. Zagaye ɗaya ka rasa, amma riƙe Q zagaye biyar yana nufin da ƙwaya shida kake wasa, ƙofar maki 50 a rufe. Abin da ka bari a hannu ya kai abin da ka aje muhimmanci. Wasula 42 ne, baƙaƙe 56, fanko 2, wato ƙwayar da ba harafi a kanta, mai zama duk harafin da kake so. Ka yi ƙoƙarin barin wasali biyu da baƙi biyu ko uku daga cikin A, E, I, N, R, S, T, ka rabu da harafin da ya maimaitu, kamar I biyu ko U biyu. S huɗu ce kawai, kada ka kashe ta don ƙarin maki uku ko huɗu. Fanko kuwa a ajiye shi sai zai fitar da bakwai gaba ɗaya. Wellington Jighere da ya ci gasar duniya a Perth ta Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka, ai da Collins ɗin nan ya buga, QI ɗin da kake rainawa na ciki.

Hajiya ta Arkilla: A nan kam ban bi Malam ba. Wanda bai haddace jerin kalmomi masu harafi bakwai ba, ka ce ya ajiye fanko, sai ya mutu da shi a hannu. Gara ya toshe allo, ya riƙa jera gajerun kalmomi a gefen juna, wasa ya yi ƙunci kowa ya rasa wurin shimfiɗa doguwa.

Malam na Runjin Sambo: Toshe allo na wanda ke gaba da maki ne. Wanda ke baya ya toshe, kansa ya rufe a ɗaki.

Ɗan Mabera: To ni dai dogayen kalmomi su ne daɗin wasan a wurina, kuma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da na Birnin Kebbi ba. Shekaranjiya da ƙarfe biyu na dare ya aje wata kalma mai harafi takwas da ban taɓa ji ba.

Hajiya ta Arkilla: Wace kalma ce? Kuma har yanzu ba ka faɗi manhajar ba.

Ɗan Mabera: Bari in duba, caji na ya kusa ƙarewa.