Takobin da na gada mai alamar jinjirin wata: shekarunsa nawa, kuma yaya zan adana shi?

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da na fara tara tsofaffin wuƙaƙe da takubba, kuma abin da ya jawo ni ga wannan sha'awa shi ne takobin da kakana ya bari, wanda yake rataya shi da hamila ranar hawan sallah. Miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, da kwari uku a tsakiyar ƙarfen, da alamar jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum. Wani dillali ya gaya mini cewa tun zamanin yaƙin Salibiyya, wato yaƙe-yaƙen da Kiristocin Turai suka kai ƙasar Sham, aka ƙera shi. Shin haka ne? Sannan tsatsa ta fara kama shi kusa da ƙota, ina so in san yadda zan cire ta.

Malam Na-Kurmi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, maganar dillalin nan tana da daɗin ji, amma da wuya ta tabbata, domin yaƙe-yaƙen Salibiyya a ƙasar Sham sun ƙare da faɗuwar birnin Akka a 1291, alhali galibin ƙarafan Turai da ke jikin takubbanmu sun zo ne ƙarnuka bayan haka. Yawancinsu daga garin Solingen na Jamus suke, fatake suka ɗauko su daga Tarabulus ta Gadamas da Agadas zuwa Kano, inda maƙera da dukawa suka yi musu ƙota da kube irin namu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kusan ƙarfen takobi 50,000 ake shigowa da su kowace shekara. Alamar watan ita kaɗai ba hujja ba ce, saboda maƙeranmu ma sun riƙa buga ta a kan nasu aikin don masu saye sun yarda da ita. Ka duba da kyau: idan kwarin ya tafi sambal ba karkata, alamar kuma ta zauna daidai da tambari guda, ya fi kama da aikin waje. Wannan bai rage masa daraja ba ko kaɗan, tunda ka san hannun da ya riƙe shi.

Jikan Barde: Ina ƙara da cewa idan kana neman abin da tsufansa zai iya kusantar wancan zamani da gaske, sulke ya fi takobi kusa. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke. A tsohon sulke za ka ga bakin zobban an daddale shi an kulle da 'yar ƙusa, na baya-bayan nan kuwa lanƙwasa waya kawai aka yi aka haɗa baki. Ka leƙa Gidan Makama a Kano ka ga tsofaffin kayan yaƙi da idonka.

Baba Maƙeri: Yaro, don Allah kada ka sa masa yashi ko toka, kada kuma ka kai shi wurin mai wasa wuƙa. Na taɓa goge wata tsohuwar wuƙar hannu har ta yi ƙyalli, sai da na gama na ga rubutun da ke jikinta ya shafe, har yau abin yana damuna. Ka ɗiga man keken ɗinki a kan tsatsar, ka bar shi ya kwana, ka share da tsumma mai laushi, ka maimaita. Da damina ka zare shi daga kube, domin fata tana riƙe danshi, kuma kada ka taɓa ƙarfen da hannu mai gumi.

Malam Na-Kurmi: Saura abu ɗaya game da dillalin. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba, kuma aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana iya shiga cikinsu. Idan ya dawo da tayi, ka tuntuɓi hukumar kafin ku yi wata magana.